Orval Tidwell da Furannin Mutane

Orval Tidwell mijin yayata ne, shi ya sa na san shi fiye da yadda nake so. Tun yana saurayi yake zana furanni a cikin tulu, a wani ɗaki da ke bayan gidansu a Ohio, kuma bai taɓa dasa ko ɗaya ba. Yayata Lenora ce mai lambun. Ita ke wuni a duƙe tana cire ciyawa, shi kuma ya fito da almakashi, da wata hula da ya ce irin ta masu zanen Faransa ce, ya yanke wanda ya fi kyau.

"Ke shuka su kike yi su mutu," yakan ce mata. "Ni nake sa su dawwama."

Da ta gaji, sai ta tattara kayanta ta koma wurin 'yarsu a Arizona. Lambu ya bushe. Zanen Orval kuwa sai ƙara kyau yake yi: furanni manya, farare tas. Na tambaye shi inda yake samun su, ya ce mai fasaha ba ya tona sirrinsa.

Ranar da aka baje zanukansa a ɗakin karatu na gari, yana tsaye yana cika mutane da bayanin haske da inuwa, sai Misis Haverkamp, wadda ba ta daɗe da binne mijinta ba, ta tsaya a gaban wani zane ta ƙura masa ido.

"Mista Tidwell, wannan shuɗin ƙyallen da ke ɗaure da furannin, da hannuna na ɗaura shi. A kan kabarin mijina na ajiye su."

Orval ya gyara hula. "Ai marigayin ba kallonsu yake yi ba."

Ta cire zanen daga bango, ta sa a hammata ta fita. Sauran mutane suka shiga bin bango suna dubawa, wasu ma suka gane nasu, suka cire.

Babu wanda ya kai shi ƙara. Mai gadin maƙabarta dai ya hana shi shiga, iyalan mamatan kuma suka ba gidan shirya jana'iza zanukan, aka rataye su a zauren makoki. Orval ya tsufa yana zana furannin roba, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kaf jihar babu mai zanen da ake kuka a gaban aikinsa kamar shi.