Saƙon da Na Kunna a Majalisa

Ban yi boko ba. Ƙanina ne ya yi, shi muka tura Kano, ni na tsaya a gona. A shekarun da masara ta gagari mai iyali, ya shiga cikin masu rubutu a waya suna cewa ana yunwa. Aka fara kama irinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da ya zo gida ta ƙarshe kafin ya ɓuya, ya karɓi wayata ya sa min wata manhaja. Ya ce saƙon da ya bi ta cikinta a kulle yake tafiya, ko kamfanin layi ba ya ji, hukuma ma ba ta ji, kuma da na saurara zai goge kansa. Ya gyara wayar ta daina buɗewa sai da babban yatsana. Tasa wayar ya sa mata abin da ke ɓoye inda mutum yake. Da yake ba na karatu, murya zai riƙa turowa, ni in kai wa Inna, mahaifiyarmu, labari.

"Yaya, abu ɗaya na roƙe ka. A kunne za ka kara. Kai kaɗai."

Na ce na ji, ni ba yaro ba ne.

Sati uku ina kiyayewa. In saƙo ya shigo sai in shiga cikin dawa in saurara.

A garinmu, kusa da Tsanyawa, akwai abin da muka saba. In kana majalisa saƙon murya ya shigo, a fili kake kunnawa kowa ya ji. Kara waya a kunne cikin mutane kamar ka juya baya ne ka ci abinci. Ba doka ba ce, amma ba a yi.

Wata Laraba bayan la'asar muna gindin darbejiyar masallaci muna ɓarar gyaɗa, wayar ta yi ƙara. Na ciro, na ga hoton ƙanina, na yunƙura zan tashi. Taubashina ya riƙe min riga.

"Ina zuwa, Malam? Bazawara ce?"

Aka kwashe da dariya.

"Sakar min riga."

"Ku ga tsoho da furfura yana laɓe-laɓe! Wallahi yau sai na faɗa wa matarka. Ashe shi ya sa kake shiga dawa kullum, mun zaci ciki ne ya ɓaci."

Na sha yunwa, na binne 'ya'ya biyu, ba wanda ya taɓa ganin hawayena. Amma dariyar mutum bakwai na kasa ɗauka. Na ɗora yatsa, na danna, na ajiye wayar a kan tabarma.

Muryarsa ta fito tar. Ya ce a gaya wa Inna lafiyarsa ƙalau, ya bar Rijiyar Zaki, yana gidan gwaggonmu a wajen Minjibir, a ɗakin da ake ajiye buhuna.

Dariya ta tsaya. Saƙon ya goge kansa kamar yadda ya ce. Taubashina ya saki rigata ya ci gaba da ɓarar gyaɗa, kansa a ƙasa.

Ina da sauran dama in tura masa in ce ya tashi daga can. Ban tura ba, don sai na faɗi dalili. Na ce wa kaina ai duk 'yan uwa ne.

Ranar Juma'a da hantsi motar jami'an tsaro ta tsaya a ƙofar gidan gwaggo, suka tafi da shi. Har yau ban san wanda ya kai maganar ba. Ƙila ba wanda ya yi niyya. Wani ya gaya wa matarsa, ita ta faɗa a wajen injin niƙa.

Sai da muka yi shuka muka yi noman farko aka sako shi. Ya rame, kunnensa na hagu ba ya ji. Inna ba ta gane shi ba sai da ya yi sallama.

Ya ce min sun yi iya yinsu ba su buɗe wayarsa ba, amma tabbas manhajar ce ta yoye, don ba wanda ya san inda yake sai ni. Ya riga ya aika wa abokansa su goge ta. Na bar shi ya ɗora wa waya laifi har damina ta fita.

Ranar da muke girbin gero mu biyu na faɗa masa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ya juyo min da kunnen da yake ji, ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Mutum nawa?"

"Bakwai."

Ya goge zufa, ya sunkuya ya ci gaba da yankan gero. Da yamma na gan shi a bakin rumbu yana rubuta wa abokansa su mayar da manhajar.

Tun da ya sake barin gida, yana kirana duk Juma'a, ta layin da kowa ke kira. Ya tambayi Inna, ya tambayi ruwa da dabbobi. Ba ya cewa ga inda yake, ni ma ba na tambaya.