Tsohon Soja Da Ɗan Farinsa

Ko an ce in manta ba zan iya manta ranar da surukina ya tako har ƙofar ɗakina ba, abin da bai taɓa yi ba a shekara tara da na yi a gidansa.

Tsohon soja ne, Allah ya jiƙansa. Da ya ajiye kaki sai ya dawo ƙauyenmu kusa da Hunkuyi ya rungumi noma. Ban taɓa ganin mai son iyali kamarsa ba. Kowace safiya yakan tsaya a tsakar gida ya kira kowa da sunansa, har jikoki, ya ji yadda aka kwana. Mu matan gida fareti muke ce wa abin. Mutum ɗaya ne ba ya kira, mijina. Shi ne ɗan fari, kun kuwa san kunyar ɗan fari a wajenmu. In zai neme shi sai ya ce, “Wancan ya fita ne?” ko da yana tsaye a gabansa.

Mijina ya san al'ada ce, amma abin na cinsa. Ƙurjin ya fashe ne shekarar da Baba ya raba gonaki. Ya ba ƙanen mijina fadamar rake, shi kuma ya ba shi gonar tudu mai tsakuwa. Ana gama girbi mijina ya ce in ɗaure kaya, Zariya za mu koma, ko dako ne ya yi. Na ba shi haƙuri har na gaji, ya ce ba zai zauna inda ba a sonsa ba.

Ranar tafiya da hantsi, a-kori-kura na ƙofar gida, ina naɗe tabarmi a bakin ɗaki, mijina na ciki yana bugun gado yana kwakkwance shi, sai na ji takun Baba. Takunsa ba ya ɓace mini, don yana jan ƙafar hagu tun harbin da ya samu. Ya yi sallama. Na durƙusa na gaishe shi, na rasa inda zan sa fuskata.

Ya ja kujera ya zauna. Ya san sarai ɗansa na jinsa, amma ni ya fuskanta. Ya ce yana bakin daga aka haifi mijina, a wasiƙa ya ga sunan, kuma sai da yaron ya fara tafiya ya sa shi a ido. A cikin rami, in wuta ta yi wuta, sunan nan yake ta maimaitawa, har abokansa suka koma kiransa da shi. Da ya dawo, mahaifiyarsa, kakar mijina, ta ce ya kama bakinsa, kada ya kunyata ta a gari.

“Na bi umarni, 'yata, abin da aka koya mana ke nan,” in ji shi. “Ita kuma gona, a soja ba a ba kowa wurin da ya fi wuya sai wanda aka yarda da shi. Ƙanensa ba zai iya da tudun nan ba. Na zaci ya gane.”

Sai na ji bugun gado ya tsaya a ciki. Ni da bakina da ba ya zama, ban san sanda na ce, “Baba, ai shi bai yi soja ba.”

Ya kafa mini ido har na tsorata. Can ya ce, “Gaskiyarki.” Ya dafa bango ya miƙe, ya fuskanci labule, ya kira sunan mijina.

Mijina ya fito ya zube a gabansa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana kuka kamar yaro. Direba ya gaji da hon, ni na leƙa na ce a sauke kayan. Shekara uku Baba ya ƙara a duniya, kuma a hannun mijina ya cika.

Abin da na koya shi ne, so in an rufe shi da yawa, wanda ake yi dominsa yakan ɗauke shi ƙiyayya. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma ni ma ina da 'yar fari, kuma ba na barin ta yi canke a kan abin da ke raina. In mun keɓe nakan gaya mata da bakina.