Layin da ban rubuta wa ɗan goggona ba

Ɗan goggona sa'ana ne, tare muka yi karatun allo a Gyadi-Gyadi. Shi aka haɗa masa da boko, ni na tsaya a kan Ajami da ɗinkin hula. Da ya gama sakandare sai ya tafi Ikko koyon tuƙin jirgin ruwa na dakon kaya, mutumin da ko kududdufin bayan unguwa bai taɓa shiga ya wuce gwiwa ba. Ya yi shekarunsa, aka ba shi takardar shaida, ya hau teku. Wannan bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira ne da kaɗan.

Goggo ba ta karatu, don haka ni ne idonta da hannunta. In wasiƙarsa ta zo ni ke karanta mata, ni ke kai takardar kuɗin da ya saka a ciki gidan waya in karɓo. Wannan aikin shi ya ɓata min zuciya, Allah Ya yafe min. Abin da yake aiko mata a wata guda sai na ɗinka huluna na wata uku ban haɗa shi ba. Nakan ƙirga mata a kan tabarma, ta ɗaure a gefen zane, ta ba ni na goro. In na fito sai in koma kan ɗinkina. Ina cewa a raina, ni na riga shi sauka, ni nake gyara masa harafi, ga shi yau kuɗin ruwa yake ci ni ina huda yatsa da allura.

A lokacin akwai wani fili a Tarauni da na sa wa rai. Gona ce aka yanka, da bishiyar ɗorawa a kusurwa. Shekara biyu ina tari, ban kai rabi ba, amma kowace Juma'a bayan masallaci sai na bi ta wurin na auna shi da ƙafa. Ban gaya wa kowa ba.

Wata safiya Goggo ta kira ni rubutu. Bayan gaisuwa da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, sai ta ce, "Rubuta masa akwai fili a Tarauni, mai ɗorawa. Dillali ya ce in an ba da kafin alƙalami zai riƙe. Ya aiko da wuri."

Na tsoma alƙalami a tawada, na ɗaga, na tsallake zuwa addu'ar rufewa.

Al'adar mai rubuta wa wani wasiƙa ita ce ya karanta masa kafin a naɗe, don ya ji maganarsa ta shiga. Na karanta mata tun daga bisimilla. Da na zo wurin da babu komai, na karanta maganar filin daga kaina, har da ɗorawar, ina bin farar takarda da yatsa. Ta ce, "Madalla, Allah Ya yi maka albarka." Na ce amin.

Amsa ta zo ba maganar fili. Ni kuma kuɗina bai ƙaru ba. Kafin damina ta fita wani direban babbar mota daga Unguwa Uku ya biya, ya zuba bulo.

Da ɗan goggona ya zo hutu, da farin wando da agogo, ya tarar da ni a zauren Goggo.

"Malam mai allura, har yanzu ana huda?"

"Ana yi, sarkin kifi. Ba ka nutse ba?"

Muka shiga ciki tare. Ko ruwa bai gama sha ba Goggo ta ce, "Na aiko maka maganar fili, ka yi kamar ba ka gani ba. Ga shi wani ya ɗauke."

Ya dube ta, ya dube ni. Ajamina ya sani sarai, kuma shi ba mai tsallake layi ba ne in yana karatu. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo.

Ya ce, "Na gani, Inna. Kuɗin ne babu. Har yanzu ana cire min na karatu a albashi, kuma ban gama biyan Alhajin da ya ranta mana na tafiya ba. Abin da nake aiko miki shi ne kusan duka."

Goggo ta ce, "To ai da ka faɗa."

Daga baya na tabbatar maganar bashin gaskiya ce. Na so hakan ya sanyaya min rai, bai sanyaya ba. A da albashinsa kawai nake ƙyashi, ranar na koma ina ƙyashin yadda ya rufa min asiri ba tare da ya ko gyara zama ba.

Da zai koma ya saya wa Goggo tulin ambulan, ya ce ɗiyar maƙwabta da ke makarantar 'yan mata za ta riƙa rubuta mata da boko, don kada a riƙa tashe ni daga ɗinki. Ban sake sanin nawa yake samu ba.