Ƙararrawar Kakana a Wuyan Raƙumi

Jiya da hantsi ina kishingiɗe a zaure, mai tallar ƙanƙara ya wuce a kan keke yana kaɗa 'yar ƙararrawa. Ban san lokacin da na miƙe na cire hula ba. Jikokina suka yi ta ƙyaƙyata dariya, wai tsoho ya fara gaida ƙanƙara. Su yi dariyarsu. Duk wanda ya tashi a gidanmu, in ya ji ƙarfe ya yi wannan kuka, ƙafafunsa ba sa neman shawararsa.

Zan ba ka labarin, mai karatu, amma ka yi haƙuri da rubutuna. A kan teburin kanti na yi karatu, tsakanin buhun gishiri da garwar kananzir, kuma an yaye ni ne ranar da malamina ya gaji, ba ranar da na iya ba. Duk da haka yau ni ne babban masanin tarihin gidanmu, tunda sauran masanan duk ƙasa ta rufe su.

Kakana, mahaifin uwata, mutumin bakin teku ne, can ƙasar Yarabawa, kuma ɗan cocin Metodis tun daga hularsa har takalminsa. Kakata kuwa Bahaushiya ce, 'yar wani ƙauye a wajen Araba. Tana yarinya mahara suka kwashe ta, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta dangana da teku, inda 'yan mishan suka fanshe ta suka raine ta. Can suka yi aure. Da labari ya iso cewa Nasara sun ci Sakkwato, hanya ta buɗe, sai ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta. Shi kuma ya biyo ta, da 'yarsu, da kayan kanti, da baƙin kwat ɗinsa na wa'azi, da wata ƙararrawar tagulla ta hannu wadda jama'ar cocinsu suka ba shi don ya tara masu bi a Arewa. Da suka iso ƙauyen ba ta tarar da kowa nata ba, sai rijiya da tsamiya. Suka zauna Illela, dab da inda Turawan Ingila da na Faransa suka kafa alamar iyaka.

Kakana mutum ne mai bincike. Kafin ya kafa kanti sai da ya ɗanɗana ruwan garin, ya tambayi hanyar fatake, ya duba inda rana ke bugun bango. Abu guda ya manta bai tambaya ba: wace rana kasuwa ke ci. Lahadi take ci. Shi kuwa a wurinsa ranar Lahadi ba a saye, ba a sayarwa, ba a ko kallon ma'auni.

To, ka ga yadda muke. Gari na cika da jakuna da raƙuma, shi kuma yana tura wa ƙofar kanti sakata, ya sa kwat, ya tsaya bakin zaure yana kaɗa ƙararrawa kamar dubban mutane na jiran kira. Masu amsawa su ne kakata, da uwata, da ni, da wani gurgun tsohon soja wanda nake zargin inuwa ke kawo shi. A ɗakin ajiya muke sujada, a kan buhuna. Maƙwabcinmu dillalin dabbobi, Musulmi, abokin tsokanar kakana, ba ya wucewa bai jefa magana ba. Akawu yake kiran kakana. Yakan ce Allah ya kawo wa Akawu kasuwa har ƙofa, Akawu ya rufe ƙofa ya hau yi wa Allah waƙa. Kakana ya murmusa kawai. A shekarun ƙoshi ba mu rasa ba. Allura da ashana da yadin alawayyo na sauran ranaku sun riƙe mu.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, ya bushe a tsaye. Kafin bazara rumbuna sun zama ɗakin ɓera, ɓerayen ma an cinye su. Mata suna tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ke ciki. Mutane suka yi ta kwararowa daga wajen Ƙonni, wasu su zauna gindin bango su huta, hutun ke nan. Mu anza muka koma ci, 'ya'yan itacen nan da ake jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, duk da haka ɗacinsa ya bi ka har barci. Ubana ya tafi aikin hanyar jirgin ƙasa wajen Kano tun kafin damina, ko saƙo babu. Ya bar uwata da goyo, ƙanwata.

Wa zai sayi allura da yunwa a cikinsa? Kanti ya mutu. Hatsi kuwa ba ya shigowa Illela sai ranar kasuwa, lokacin da ayarin Buzaye masu komawa arewa da gero daga kudu ke yada zango. Kafin la'asar sun ɗaure kaya sun wuce. Ranar Litinin kakana zai fita da sassafe, ya zagaya rumfunan da ba kowa, ya dawo hannu rabbana.

Kakata ta ce ita za ta shiga kasuwar, ya ce dokar ta hau kan duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinsa. Ta ce a aiki dillali ya sayo mana, ya ce wanda ya aika da wanda aka aika duk ɗaya ne. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ran nan ma ba ta ɗaga ba. Tana tsame anza daga ruwa ta ce, “Malam, ni a kasuwa aka sayar da ni, ban mutu ba. Kai shigarta ce za ta kashe ka?”

Ya shiga ɗakin ajiya ya durƙusa, na ji yana roƙo da yarensu.

Ƙanwar nan tawa, tun da aka haife ta gidanmu bai san shiru ba. Musamman ta tsani waƙar sujada. Da kakana ya ja baiti na biyu sai ta tsala ihu, shi kuma ya dakata, ya dube ta ta saman tabarau har a lallashe ta. Kowace Lahadi haka. Amma yanzu nonon uwata ya ƙafe. Kukan ya yi ta raguwa, ya koma kamar na ɗan mage.

Wata Lahadi muna sujada, zafi kamar a gasa gurasa a kan kwano, hayaniyar kasuwa na shigowa ta taga. Kakana ya kai baiti na biyu, ya dakata don sabo, yana jiran ihu. Ba ihu. Uwata ta kwance goyon ta ɗora a cinya. Maɗigar yarinyar ta faɗa, idanunta a buɗe, bakinta na buɗewa yana rufewa, ba abin da ke fita. Kuka take yi, muryar ce babu.

Kakana ya rufe littafin waƙa. Ya jefa ƙararrawa a aljihun kwat, ya sunkuya ya ɗora buhun gishiri a ka, mutumin da ko butarsa ba ya ɗauka. Ya kama hannuna ya ce in nuna masa hanya, don shekara da shekaru yana Illela bai taɓa ganin kasuwar tana ci ba. Ni kuwa na san ta fiye da yadda ya kamata jikan mai wa'azi ya sani.

Duk inda muka ratsa sai ciniki ya tsaya, ana nuna mu da baki. Dillali ya hango mu, na ce yau tsokana ta samu, amma ko murmushi bai yi ba. Ya tambaya, “Akawu, mi ya faru?” Kakana ya ce yarinyar ta daina kuka. Dillali ya wuce gaba, ya kai mu wurin madugun Buzaye.

Nan fa kakana ya yi abin da har yau in na tuna sai in rasa ko dariya zan yi. Ya sauke gishirinsa gaban mutanen da gishiri ne sana'ar kakanninsu. Madugun ya dubi buhun, ya dubi nasa kantunan gishiri da suka yi kwantai, ya girgiza kai. Kakana ya ce akwai alawayyo, aka ce ba a so. Akwai kananzir, ba a so. Sai ya fara tuɓe kwat ɗinsa, wai ko za a karɓa. Yana tuɓewa ƙararrawar ta yi kuka a aljihu. Babban raƙumin da ke jan ayari ya ɗago kai. Madugun ya miƙo hannu, ya kaɗa ta kusa da kunnensa, ya ce wannan yake so.

Kakana ya bi ƙararrawar da ido. Ita kaɗai ce shaidar cewa aiko shi aka yi, ba ɓata ya yi ba. Dillali ya matso ya ce a hankali, “Akawu, wanga ƙarfe ne. Ɗiyar can mutum ce.”

Ya bayar. Muka samu rabin taikin gero, dillali kuma ya matsa har aka yi mana gyara da ƙoƙon nonon raƙumi. Kakata ta riƙa tsoma tsumma tana ɗiga wa yarinyar a baki, uwata kuma aka dama mata kunu. Da la'asar ayarin ya tashi, ƙararrawarmu a wuyan raƙumi, tana kuka tana nisa ta hanyar Ƙonni. Kakana ya tsaya bakin zaure, hula a hannu, har sautin ya ɓace.

Geron bai ceci kowa da kowa ba. Tsohon sojan bai ga girbi ba. Kakana kuwa ya yi wa kansa shari'a, shi ne alƙali shi ne mai laifi, ya tuɓe kansa daga wa'azi, ya koma zama can baya inda sojan ke zama. Lahadin da ta biyo, sabo ya kai shi bakin zaure, ya laluba aljihu ba komai. Muna tsaye cirko-cirko, ba wanda ya san yadda ake fara sujada ba ƙararrawa. Sai daga cikin gida aka tsala ihu, ƙarami, a dishe, amma ihu ne. Kakata ta gyara ɗankwali ta ce, “An kira. Ku shigo.”

Bai sake sayen ƙararrawa ba har ya rasu.

Yau Illela ba ta san ranar rufe ƙofa ba. Masu canjin sefa da babura sun cika inda ayarin nan ya durƙusa, coci da masallaci kowa da lasifikarsa, zuriyar kakana kuma wasu nan wasu can. Ƙanwata tana raye, ba haƙori ko ɗaya, amma muryar na nan. In na tsokane ta sai ta ce in riƙa girmama ta, don ita aka ba da coci sukutum aka fanso, ni ko ashana ba a bayar ba. Yanzu ma ga ta can tana ƙwala mini kira ta kan katanga, wai akuyata ta cinye mata shanya. Bari in cire hula in je.