Neman Kabarin Sulemanu a San Kiristobal

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Akwatia Line a Kumasi, Mma na riƙe da hannun rigata har bakin trotro, motar haya. Ba ta ce in kawo mata tsaraba ba. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa: "Ka gano mini inda ɗana yake kwance. Ka tsaya a kansa ka yi masa addu'a, ya san ba mu yar da shi ba."

Ga waɗanda ba su sani ba, Sulemanu ƙanena ne. Yana cikin samarin Zango da suka bi ta Brazil suna neman shiga Amurka ta ƙasa. Ciwon ƙirji ya kama shi a Meksiko, a wani gari na kan duwatsu da ake kira San Kiristobal, kuma nan kwanansa ya ƙare. Tun daga lokacin Mma ta kife tukunyar waakye, shinkafa da waken nan da ganyen dawa ke rina ja, da take sayarwa a ƙofar gida, don shi ne mai hura mata wuta. Kullum maganarta ita ce ɗanta na can shi kaɗai cikin ciyawa, ba wanda ya san sunansa.

Wahalar biza da zaman jirgi kam ba sai na faɗa ba. Na zauna har ƙafafuna suka kumbura kamar burodi. A babban birnin ƙasar na haɗu da abokin Sulemanu, wanda suka yi tafiyar tare, yanzu yana Amurka da takardunsa, yana kuma ɗan taɓa Sifaniyanci. Muka sake hawa ƙaramin jirgi, sannan mota ta yi ta hawa dutse da mu har na ga gajimare a ƙasa da ni. Na ce Subhanallahi, ashe ana hawa sama ba a jirgi ba!

Jama'a, garin nan abin kallo ne. Tituna duk shimfiɗar dutse, ƙanana, tun zamanin Turawan Sifen. Kowane gida da launinsa, wannan shuɗi, wancan ja, rufinsu na jan yumɓu. Babban cocinsu rawaya ne, tsufansa ya fi na duk wani gini da na taɓa gani, amma ko tsaga babu. Ga sanyi! Ni da na taho da jallabiya ina taƙama, sai da na sayi rigar ulu a hannun matan ƙauye da ke saƙa a bakin hanya. Tsadarta ta sa na tuna kasuwarmu ta Asawase da alheri.

Abinci kuwa ya ba ni dariya. Wata mata ta buɗe tukunya, sai ga dokunu, dafaffen ƙullun masara irin namu, a naɗe cikin ɓawon masara. Na ce wa abokin tafiyata, "Chale, abokina, waɗannan 'yan uwanmu ne!" Ya ce in bi a hankali, galibi da man alade ake kwaɓawa. Dole na haƙura na sha kokonsu na masara mai zafi, da wani burodi mai sukari da ƙamshin lemu.

Ashe mun faɗo daidai bikinsu na tunawa da matattu. Ko'ina fure ne mai ruwan lemu, a ƙofofi, a kasuwa, a kan motoci. Yara da manya sun zana fuskokinsu kamar ƙoƙon kan gawa. Wallahi da na fara yin karo da wata doguwa cikin rigar amare da fuskar ƙwarangwal, ban san lokacin da a'uziyya ta kuɓuce mini da ƙarfi ba. Ita kuwa ta ɗaga mini hannu tana dariya.

Washegari da safe muka je gidan tsohuwar da ta ba su Sulemanu hayar ɗaki, don abokin nasa ya ce ita kaɗai za ta tuna wurin. Musulmi 'yan tsiraru na garin ne suka yi masa wanka da sallah, abokin kuwa ya wuce Amurka ba da daɗewa ba, bai riƙe komai ba sai wani ɗan allo da aka kafa. Muka tarar da gidan a kulle. Maƙwabci ya ce kowa na maƙabarta. Muka nufi can.

Ban taɓa ganin maƙabarta irin wannan ba. Mu a maƙabartarmu ta Tafo shiru muka sani, da jar ƙasa, da sauri-sauri a koma gida. Nan kuwa kamar ranar suna. Kowane kabari an share, an shimfiɗa masa wani koren ganye siriri kamar tsintsiya, an lulluɓe shi da fure. Iyalai na zaune a gefe suna cin abinci, suna hira da mamacinsu kamar ya dawo daga tafiya. Ga masu kiɗan katako irin na mutanen garin Wa da ke arewacin ƙasarmu. Na tsaya ina kallo baki buɗe. Ba addinina ba ne, ba kuma zan yi ba, amma ban ga kabari ɗaya da aka manta ba.

Sai dai furen nan ya ɓatar da mu. Abokin tafiyata ya yi gabas, ya yi yamma, ya dawo yana share zufa duk da sanyin. Ya ce, "Yaya, ka yafe mini, komai ya canza." Na fara tunanin ƙaryar da zan shirya wa Mma, ga shi kuwa ita Mma ba a yi mata ƙarya.

Muna tsaye kusa da katanga sai na ji an kama mini hannu. Wata 'yar guntuwar tsohuwa ce mai kitso biyu, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta ƙura mini ido ta ce, "Suleman." Kamarmu ta gani. Ashe ita ce tsohuwar da ta ba su hayar ɗaki.

Ta ja ni zuwa wani kabari da ya karkace daban da sauran, babu gicciye a kansa. An share shi tas, ga ganye, ga fure. A tsakiya kuma kwano ne na shinkafa da wake, da kofin ruwa. Al'adarsu ce a kawo wa mamaci abincin da yake so. Ta yi bayani, abokin yana fassara mini: sauran ana kawo musu giya da nama, amma ta san yaron nan ba ya shan giya, ba ya cin alade. Abin da ta ga yana dafawa a madafinta ke nan, yana cewa bai kai na uwarsa daɗi ba. Duk shekara in ta gama da kabarin mijinta, sai ta zo nasa.

Na durƙusa na yi kuka, ni da gemuna. Da na ɗaga hannu zan yi addu'a, tsohuwar ta juya ta daka wa makaɗan tsawa, suka yi tsit har na shafa. Na ce mata, "Mama, Allah Ya saka." Ba ta ji Hausa ba, ta dai shafa kaina.

Na dawo Kumasi da rigar ulu da ba ta da amfani a nan, da kuma sanin cewa akwai masu riƙe amanar baƙo ko bayan ya mutu, a inda ba ka taɓa zato ba. Na nuna wa Mma hoton. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan kwanon.

"Wannan ai bai ji ganyen dawa ba," in ji ta. "Dubi yadda ya yi fari."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce in ciro mata babbar tukunyar nan daga ƙarƙashin gado.