Ranar da Na Mutu a Gonar Namtari

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar Asabar ɗin da na mutu a gonar masara a Namtari ba. Na mutu da hantsi, na tashi kafin azahar, kuma har yau in na tuna sai in ji tafin ƙafata yana ƙaiƙayin gudu.

Ina ɗan shekara sha huɗu lokacin, muna zaune a unguwar Shagari Low Cost. Gari babu natsuwa. An hana hawa babur, ana laluben mutum a ƙofar masallaci da ƙofar coci, in tayar mota ta fashe a kasuwar Jimeta sai mai tumatir ya bar wa Allah tumatirinsa. Gidaje sun cika da 'yan gudun hijira. Mu ma muna da namu: matar kawuna da ɗanta, sa'ana, dogo siriri. Da ƙafa suka tako daga wajen Mubi bayan 'yan ta'adda sun mamaye yankin, kawun kuwa har lokacin babu labarinsa. Ɗan kawun nan abokin wasana ne, amma tun da ya zo wasa ya ƙare a bakinsa. Sai ya wuni bai ce uffan ba.

Ni damuwata daban ce. Akwai wani jarumin finafinan Amurka da na ɗauka tamkar ubangidana. Ba zan kama sunansa ba, kada ya ji kansa ya kumbura. Abokina, ɗan wani malamin makaranta mutumin Numan da ke maƙwabtaka da mu, shi ya ga hira da shi a talabijin ya fassara mini. Wai ɗan talakawa ne, ya yi shekaru yana wanke kwanuka a gidan abinci, duk inda ya je neman aikin fim a kore shi saboda hancinsa a karkace yake. Da ƙyar aka ba shi fitowar farko, a matsayin gawa. Yana kwance ƙuda ya sauka a idonsa, bai ko ƙifta ba. Darakta ya ce irin wannan ake nema. Daga nan sai ɗaukaka. Ban san nawa ne gaskiya a ciki ba, don Turancin abokina ma a karkace yake kamar hancin, amma ni na haɗiye labarin duka. Kwanuka ina wankewa, hanci ina da shi, gawa kawai ta rage.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Kwana uku ina gwada mutuwa a bayan ɗaki, har Dada, mahaifiyata, ta fara tambaya ko farfaɗiya ce. Ranar Asabar na ce mata za mu gonar Baffana a Namtari mu taya karyar masara. Ta yi ta sa mini albarka, don tun da ta haife ni ban taɓa neman aiki da bakina ba.

Mu uku muka hau keke mai ƙafa uku. Abokina zai ɗauka da wayar yayarsa, ni ne gawa, ɗan kawuna shi ne makashi. Da farko ya girgiza kai. Sai na faɗi maganar da har gobe nake jin kunyarta. Na ce, "Haba, kai fa ka gan su da idonka, ka fi kowa sanin yadda suke yi." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya karɓi ɗankwalin da na sato ya naɗe fuskarsa. Muka naɗa wa ƙotar fartanya baƙar roba ta zama bindiga. Na juye wa kaina gorar zoɓo mai kauri tun daga wuya har cibiya, na kafa doka: ko sama za ta faɗo, gawa ba ta motsi sai mai waya ya ce an gama.

Na kwanta a bakin gona, na lanƙwasa wuya, na zaro harshe. Cinnaku suka ji zaƙin zoɓo suka gayyato dangi. Na ce a raina, shi ƙuda ɗaya ya jure, ni runduna ce, ashe zan fi shi.

Sai na ji ihun mace. Wata tsohuwa ce ta fito daga cikin masara da itace a ka, ta ga mutum da rufaffiyar fuska tsaye kan yaro jina-jina. Ihunta na tabbata an ji shi a Garwa. Kafin ka ce kwabo ƙasa ta ɗauki dirin ƙafafu. Abokina da wayar da duk hujjarmu suka bi ta cikin gona, wasu sun ce sai a gadar Jimeta ya ja birki.

Ta gefen ido na ga manoma da adduna, ga maharba 'yan sintiri da bindigogin toka. Suka danne ɗan kawuna, suka fizge ɗankwalin. Wani ya ɗaga bindigar ya ce ai ƙota ce. Wani ya ce to ai yanka yaron ya yi, ba ga jini ba. Aka tambaye shi ɗan gidan wa, bai amsa ba. Aka nemi katin makaranta, babu, ya ƙone da gidansu. Da mari ya yi yawa sai ya ce, "Mubi." Gara ma da bai faɗa ba. Wani ya ce a kawo igiya, aka ɗaure shi. Wani ya ce babu inda za a kai shi, a gama a nan.

Ina so in ce dokar fim ce ta riƙe ni a ƙasa, amma ƙarya ne. Tsoro ne. Na ga muddin ina gawa babu mai taɓa ni. Har an yafa mini zane ana salati. Ina jin saukar sanda a jikinsa, ina ƙirgawa, kuma ko sau ɗaya bai ce "tashi ka gaya musu" ba.

Wannan shirun nasa ne ya tashe ni. Na yaye zanen na miƙe ina ihu, "Ɗan'uwana ne! Zoɓo ne!"

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Mai adda ya yar da adda, mai salati ya ƙara murya yana tsallake kunya uku uku. Wani dattijon maharbi ne kaɗai bai gusa ba. Ya tako, ya dangwali ƙirjina da yatsa, ya lasa.

"Har da citta," in ji shi. "Kai ɗan wane ne?"

"Baba, fim muke yi."

"A wannan zamanin?" Ya juya ga jama'ar da suka fara dawowa. "Ku kwance wancan. Wannan gawar ce ya kamata a ɗaure."

Aka kira Baffa ya shaide mu gaban Jauro, mai garin. Abin da ya biyo baya a gida ba sai na faɗa ba, sati guda a tsaye nake cin tuwo.

Washegari na sami ɗan kawuna a gindin dalbejiya, ido ɗaya a kumbure. Na ce ya yafe mini daɗewar da na yi jiya ban tashi ba. Ya ce, "Ranar da suka shigo garinmu haka na kwanta a cikin dawa. Ina jin Baba yana kirana, ban motsa ba." Ya ɗago ya dube ni. "Kai ka tashi."

Yau yana koyarwa a wata firamare a Nassarawo, ni kuwa ko a hoton biki ba na son fitowa. Abin da na koya shi ne, abin da kake wasa da shi wataƙila miki ne a jikin na kusa da kai. Kuma kwanciya shiru tana iya ɗaukaka mutum a fim, amma in ana dukan ɗan'uwanka saboda kai, duk daƙiƙar da ka ƙara a ƙasa a bayansa take sauka.