Hoto Na Talatin Da Shida

Yana goge gilashin kyamararsa da gefen riga, kamar kullum in ya buɗe shago, sai ya ji ƙaurin ciyawa daga wajen kogi. Ya mayar da kwaɗo, ya jawo keke.

Matthew mai hoto ke nan, na Makera. Shekara ashirin yana ɗaukar ma'aikatan masaƙa hoton fasfo, yana ce musu su ɗaga haɓa, kada su motsa. Amma a kowane fim mai hoto talatin da shida, na ƙarshe ba na kowa ba ne. Na shirwa ne.

A ƙauyensu, can gindin duwatsun Kagoro, in an sa wa daji wuta sai shirwa su taru a kan hayaƙin, suna faɗowa suna cafke fara. Gidansu ya zama kufai, waɗanda suka kalli shawagin tare da shi sun ƙare. So yake ya riƙe ko guda ɗaya a takarda, fukafukai a buɗe.

Ambrose, mai wanke masa fim a Kakuri, ba ya raga masa. "Oga Matthew, yau ma sama ka ɗauko? Tsuntsun ya tafi hutu ne?"

A 1986 likita ya ce wa Matthew idanunsa na mutuwa, babu gyara. Shi ya sa ran nan da ya bi ƙaurin ciyawar, a bakin gonar da ke ci da wuta, bai ga shirwar ba. Kukanta ya ji, siriri, a kansa. Ya bi kukan da kyamara, ya danna.

Bayan mako guda ya miƙa wa matarsa Rhoda hoton.

"Maman Christy, me kike gani?"

Ta kai shi bakin taga. "Hayaƙi. Da fiffike ɗaya, a gefe."

"Ɗaya?"

"Ɗaya. Amma ya fito tas, har gashin ana ƙirgawa."

"Kan fa? Duba da kyau."

"Baban Christy, so kake in yi maka ƙarya da tsufana?"

Ya yi 'yar dariya. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan fiffiken, ya daɗe yana shafa wurin. Sannan ya sa hoton a aljihun gaba, ya miƙe. Ta miƙo masa hannu, ya girgiza kai. Ya laluba bango har ya sami ƙofa, ya ɗaga labule ya fita.